Auren Lemun Abba

Bari in fara da laifina tun kafin Gwaggo ta riga ni faɗa muku, don idan labarin ya bi ta bakinta sai ya fito da ƙaho da jela. Na rufe lambar mutum a wayata saboda kalma ɗaya. Kalmar kuwa ba baƙuwa ba ce, ta harshen da aka yi min rarrafe da shi ce. Shekara tara na yi a ƙasar wasu ina karatun harhaɗa magunguna, na haddace sunaye masu tsawon igiyar shanya, amma kalma mai harafi huɗu ta kayar da ni a tsakar gidanmu.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta. Abba ya rasu shekara biyu da suka wuce, ina can ina rubuta jarrabawa. Bana na samu hutun sati biyar daga kantin maganin da nake aiki, na zo da akwati ɗaya da tikitin komawa. A gidan daga ni sai Umma. Yaya yana can wata unguwa da iyalinsa, amma kullum da yamma sai ya leƙo. Gwaggo, ƙanwar Abba, gida uku ne tsakaninmu, kuma a wurinta gida uku ba nisa ba ne, falo ne mai ɗan tsawo.

Tsakar gidanmu ƙasa ce. Famfo a kusurwa, igiyar shanya daga tagar kicin zuwa katanga, kujerun roba biyu da rana ta cinye musu launi. Umma ta jera tsofaffin bokitai a gindin katanga, ta shuka na'ana'a da tumatir da wani barkono da ya ƙi yin 'ya'ya amma ta ƙi cire shi. A tsakiya kuma lemun zaƙin Abba.

A ƙarƙashinsa na cinye satin farko da na biyu. Da safe shayi, Umma a kujera ta miƙe ƙafarta mai ciwo a kan bokiti, rediyo yana magana shi kaɗai. Rana ta take, in shimfiɗa tabarma in kwanta ina kallon sama ta tsakanin ganye. La'asar ta yi, a yayyafa wa ƙasa ruwa, ƙamshinta ya tashi. Ba na yin komai, kuma ban taɓa ƙwarewa a wani aiki kamar wannan ba.

A kwancen nan ne na lura samar da nake gani ta yi yawa. Ganyen ya yi shara-shara, rabinsa rawaya. Na mirgina na dubi gindin. Ɓawon ya tsattsage, wani ɗanko mai launin gurɓatacciyar zuma yana tsattsafowa yana bushewa a jiki.

Ranar Talata Yaya ya shigo da awon tef a hannu da fensir a bayan kunne. Ya gaida Umma, ya fara auna katanga.

"Yaya, me ake aunawa?"

"Ba a gaya miki ba? Litinin masu aiki za su zo. Za a shimfiɗe nan da bulo, a kafa rumfa. Damina ba za ta sake kayar min da uwa a taɓo ba."

Ban da bakin musu a nan. Bara Umma ta zame a bakin famfo, gwiwarta har yau ba ta dawo daidai ba.

"Lemon fa?"

Bai ɗago ba. "Tsami, itacen nan ya gama."

Tsami yake ce min tun ina ƙarama, wai fuskata kullum kamar na tauna lemun tsami. Na daina jin haushi tun da na ga hotunan yarintata.

"Ba a gwada masa magani ba," na ce.

"Ke da kwalabenki. Kina da daga yau zuwa Lahadi. In ya tashi ya yi rawa, na bar shi."

Na dubi Umma. Ta mai da hankali kan kofinta kamar akwai rubutu a ciki.

Yanzu sai in kawo muku maganar Gwaggo. Tun ranar da na sauka ta ɗauki lambata ta shiga rabo kamar mai raba katin gayyata. Ba tilas take min ba, ba a yi min tilas a gidan nan. Ita dai naci ne, irin na ɗigon famfo. "Baturiyar Abba, shekara ashirin da takwas ba wasa ba ce. Can ɗin da kike, wa zai ba ki ruwa ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke? Kwalba?"

A wayata na jera su da lamba. Na Gwaggo 1 ya turo min hoton motarsa ta gaba, ta baya, da ta ciki. Na Gwaggo 2 yana turo saƙon murya mai minti bakwai, kuma minti biyun farko gyaran murya ne. Na Gwaggo 3 sallama ɗaya ya yi, ya faɗi wanda ya ba shi lambar. Ban amsa ba, shi ma bai ƙara ba. Abin da na riƙe game da shi shi ne abin da Gwaggo ta ce tana ɗan yatsina fuska: yana koyarwa a makarantar aikin gona, kuma bayan gidansa duk ya cika shi da 'yan itatuwa a leda. "Farcensa dai sai haƙuri, amma ɗan mutunci ne."

Ba zan yi muku ƙarya ba, amfani na yi niyyar yi da shi. Yaya na fita na ɗauki waya.

"Salamu alaikum. Ni ce wadda Gwaggo ta ba ka lambarta. Ba maganar da kake tsammani ce ta kawo ni ba. Ina da lemo mara lafiya."

Na haɗa da hoto uku. Ko minti biyar ba a yi ba ya amsa.

"Wa alaikumus salam, Malama. Ɗauko min gindin daga kusa. Ki kankare ɓawon kaɗan ki gaya min launin da ke ciki."

Na kankare da cokalin shayi. "Ruwan ƙasa."

"Ya zagaye gindin duka?"

Na zagaya a durƙushe. "Saura kamar faɗin yatsa uku."

Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba. A raina na ce, to ga mutum mai tunani kafin magana. Sai saƙon ya shigo. Ga shi nan yadda yake, ban taɓa ko ɗigo ba:

"Gaskiya ɗaya ce, Malama, babu kwalbar da za ta yi. Maganinsa aure ne, kuma kada a wuce satin nan. Idan kin amince in zo gobe. Ni a shirye nake, komai yana hannuna."

Na karanta sau uku. Kunnena ya ɗau zafi. Wato na kawo masa itacen mahaifina yana mutuwa, shi kuma ya hango ƙofa a buɗe ya sako ƙafa. Mai mota ma bai yi wannan ba. Na rubuta masa:

"Na tambaye ka maganar abin da mahaifina ya bari, kai kuma ka ga dama ta samu. Allah ya haɗa ka da daidai kai."

Na rufe lambar. Har wani daɗi na ji, irin na wanda ya kashe sauro da tafi ɗaya.

Laraba da Alhamis na zama likitan itace. Na karanta duk abin da waya ta nuna min. Na je shagon kayan gona na sayo wani shuɗin gari, na dama, na kankare gindin na shafe shi da tsohon buroshin haƙori. Na ɗaure ɗankwali a kugu, na sa tsohuwar rigar Abba mai dogon hannu a kan doguwar rigata, na yi zufa har cikin ido. Lemon ya tsaya da shuɗin gindi kamar an sa masa safa, ganye kuma ya ci gaba da sauka ɗaya bayan ɗaya a kan tabarmata. Umma tana kallo, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba.

Ranar Juma'a da la'asar ina shafa mata man zafi a gwiwa, sai na ce bari in nuna mata irin mazan da Gwaggo ke kwaso min. Na ɗauko saƙon na karanta mata da muryar raini, har ina jan "a shirye nake".

Sai kafaɗar Umma ta fara rawa. Na zaci kuka ne. Dariya ce, irin wadda take ƙwace wa mutum numfashi. Ta riƙe hannun kujera, ta yi tari, ta share ido da bakin mayafi.

"Aure ya ce? To me kike so bawan Allah ya ce?"

"Umma, itace na tambaye shi."

"Itacen ya amsa miki! Wayyo ni, kuɗin makaranta." Ta sake fashewa. Da ta samu kanta ta ce, "Auta, ba ki taɓa jin an ce mangwaro ɗan aure ba? Ana yanko ido daga itace mai daɗin 'ya'ya, a tsaga jikin wani ƙaramin mai ƙarfin saiwa, a saka, a ɗaure. In Allah ya sa sun karɓi juna, su zama itace ɗaya. Shi ne aure. Me kuke ce masa a can?"

Na san sunansa a can. Na ma gan shi a wayata ranar Laraba na wuce, don ban ga kwalba a ciki ba.

"Tashi ki duba," in ji ta. "Tafin hannu biyu daga ƙasa."

Na duba. Sama da shuɗin da na shafa akwai wani kumburi da ya zagaye itacen, kamar tsohon tabo. Sau nawa na jingina bayana a nan, ban taɓa tambaya ba.

"Daga nan zuwa ƙasa lemun tsami ne. Daga nan zuwa sama na gidanmu ne, na tsakar gidan babana. Shekarar da na haifi Yayanki nake ta mitar lemun gidanmu, Abbanku ya je ya yanko reshe ya naɗo a jiƙaƙƙen tsumma. Shi ya yanka, ni na riƙe masa zare." Ta gyara ƙafarta a kan bokitin. "Gidan babana yanzu benaye ne. Wancan itacen ya daɗe da zama toka. Wannan ne kaɗai ya rage."

"To me ya sa kika yarda a sare?"

"Gwiwata ce ta yarda." Ta miƙo min ƙafar. "Shafa nan, kin tsallake."

Kwana uku na zubar saboda girman kai. Saura Asabar da Lahadi.

Buɗe lambar da ka rufe ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu. Ni ya ɗauke ni rabin awa da kofin ruwa biyu. Na rubuta dogon bayani na goge. A ƙarshe na tura:

"Ban san kalmar ba. Yanzu aka gaya min. Ka yi haƙuri."

Ya amsa: "Bayan na sake karanta saƙona na gane. Da ni aka turo wa, da ni ma na rufe ni. Itacen yana nan?"

"Zuwa Litinin."

Sai ya kira. Muryarsa ba ta da ado, kamar mai karanta jerin kayan aiki. Ya ce kada in ƙara shafa komai, kada in yanke ko reshe ɗaya, in samo tsani. Ina tsaye a bakin famfo na ce, da ƙarfi saboda ruwa na zuba a bokiti:

"To shi ke nan, gobe da safe ka zo a yi auren kawai a wuce wurin, kafin Yaya ya kawo mutanensa Litinin."

Na juyo, sai na ga gefen wani koren mayafi yana ficewa ta ƙofar gida. Babu sallama, babu sai an jima. Duk wanda ya san Gwaggo ya san surutunta ba abin tsoro ba ne. Shirunta ne.

"Umma, kamar Gwaggo ce ta juya."

"Na gan ta."

"Ba za ki kira ta ki yi mata bayani ba?"

Umma ta kurɓi shayinta. "Wayata ba caji."

Wayar tana kan cinyarta, fitilarta kore shar.

Asabar ƙarfe bakwai da rabi ina jingina tsanin maƙwabta a jikin lemon, ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa. Gwaggo ce cikin leshi ruwan zinariya, ɗauri ya tashi sama kamar zai gaida jirgi, 'yan kunne har kafaɗa, jaka a maƙale a hannu. Bayanta Yaya, kaya a goge, fuska a murtuke. Ni kuwa rigar Abba ce a jikina duk shuɗin tabo, da silifas ɗin Umma wari da wari.

"Tsami, me nake ji?" in ji Yaya. "Ni ne za a ɓoye wa? Ni ne 'kafin ya kawo mutanensa'?"

"Bar ta," Gwaggo ta ce tana fifita da hannu. "Can haka suke yi, kamar sayen burodi. Ni dai na ce ko ba komai a same mu a shirye. Ke kuma haka za ki tsaya kamar mai fentin mota? Wanne ne ma a cikinsu? Mai motar?"

Kafin in buɗe baki aka yi sallama.

Ba dogo ba ne. Rigar aiki ruwan toka, hular rana da ta sha wanki, takalmi mai ƙurar jar ƙasa. Ya rungumo kwali, a ciki 'yan itatuwa uku a baƙar leda, kowanne kaurin fensir. Ya ajiye, ya durƙusa ya gaida Umma, ya gaida Gwaggo, ya ba Yaya hannu. Ni ya ce min, "Malama, ina kwana," yana kallon lemon.

Gwaggo ta leƙa bayansa. "Kai kaɗai? Ina manyanka?"

"Suna gida lafiya, Gwaggo."

"A irin wannan rana?"

"Aikin ba ya son taro."

Ya dubi leshin. Ya dubi Yaya. Ya dube ni, karo na farko sosai, na ga abin ya faɗo masa. Gefen bakinsa ya motsa, ya danne. Ya nuna kwalin da ladabi.

"Ga angwaye uku na kawo, Gwaggo. Amaryar tana sama, sai an hau tsani."

Gwaggo ta dubi kwalin, ta ɗaga kai ta dubi itacen. A hankali ta zauna a kan bokitin da Umma ke miƙe ƙafa.

"Auren itace? Leshin da nake ɓoyo tun bara na fitar saboda lemun tsami?" Ta juya kan Umma. "Ke kuma kin sani!"

"Wayata ce ba caji," in ji Umma.

Yaya ya juya mana baya yana kallon katanga, kafaɗarsa tana rawa irin ta uwarsa.

Malam, don daga ranar haka nake ce masa, ya tsuguna a gindin lemon. Bai ce komai game da shuɗin fentina ba, na kuma gode masa a zuci. Ya tona ƙasar da yatsa, ya damƙo, ya matse. Ruwa ya fito ta tsakanin yatsunsa.

"Wa ke ba shi ruwa?"

"Ni ce," in ji Umma.

"A ina ake zubawa, Umma?"

"A jikinsa. Safe da yamma."

"Da can fa?"

"Mai gidan yakan haƙa masa zobe can nesa, daidai inda inuwar ganye ta ƙare. A nan yake zubawa, sati sau biyu." Ta dubi gindin. "Da ya tafi, zoben ya cike. Ni kuma na ga kamar nesa ta yi yawa."

Har Gwaggo ta daina fifita.

"Lemo yana son sha, amma ba ya son a jiƙa masa ƙafa," ya ce a hankali. "Sai dai itace mai shekara sama da talatin, Umma, ko ba haka ba ma..."

"Kada ka lallashe ni, ɗana. Na sani tun bara." Ta gyara mayafinta. "Yi abin da ya kawo ka."

A nan na gane ba gwiwa ce ta yarda ba. Laifin da ta ɗora wa kanta ne. A gidanmu ba a bin irin wannan magana da gudu.

Yaya ya naɗe hannun gogaggiyar rigarsa ya hau tsanin da kansa. Malam yana ƙasa yana nuni: ba wannan ba, na sama, wanda rana ke bugu, mai ganye kore sosai. Ya ce cutar a gindi take, ba ta kai can ba. Yaya ya sauko da reshe uku da ƙaya ɗaya a babban yatsa.

Malam ya fito da 'yar wuƙa mai naɗewa. Na kawo masa auduga da ruwan goge rauni daga akwatina ya share bakinta, ilimina na shekara tara ya samu aikin yi. Ya ɗauki ɗan lemun tsami ɗaya, ya share jikinsa, ya yi masa tsaga a tsaye da wata a kwance a samanta. Ya sa bakin wuƙar ya ɗan taɓa, ɓawon ya buɗe gefe biyu kamar wuyan riga.

"Kin gani? Da kansa ya buɗe. Idan ya ƙi, ba a tilasta masa. A ba shi ruwa, a dawo wani satin."

Daga reshen Abba ya fere ido ɗaya, ɗan tsiron da ke maƙale a hammatar ganye, da ɗan ɓawonsa, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ya zura shi cikin tsagar, ya naɗe da siririyar farar leda daga ƙasa zuwa sama, ya ƙulle.

"Me ya sa sai a kan tsami?" na tambaya.

"Shi ne mai jure ƙasa. Zaƙi shi kaɗai ba ya daɗewa."

"Ka ji ko, Tsami," in ji Yaya yana tsotsar yatsa. "Ashe kina da amfani."

Malam ya miƙo min wuƙar. Na ce ban iya ba. Ya ce uku ya kawo don a raba sa'a. Na yi tsagar a karkace, idon ya suɓuce min sau biyu, da na zo naɗi kuwa na yi ta zagayawa har ya zama kamar yatsan da aka yi wa bandeji.

Na ukun, Umma ta miƙo hannu. Aka ɗora mata ledar a cinya, a kan zaninta mai tsabta. Ba ta nemi a nuna mata ba. Tsaga biyu, ido, naɗi, ƙulli. Ta fi shi sauri.

"An ɗaura?" in ji Gwaggo daga kan bokiti.

"An ɗaure dai, Gwaggo."

"Oho. Na riga na sa leshi. Allah ya sa albarka, ya ba da zaman lafiya."

Muka ce amin, har da Malam.

Yana wanke hannu a famfo ya jero sharuɗɗa. A ajiye su a inuwa. Ruwa da safe kawai, kaɗan, a ƙasa, kada ya taɓa ɗaurin. Duk tohon da gindin ya fitar a tsinke shi a ranar, in ba haka ba zai shagala da nasa ya manta da baƙon. Kwana ashirin da ɗaya ba a kwancewa. Ranar da aka kwance, in idon kore ne, aure ya kama. In baƙi ne, shi ke nan, kuma a lokacin babu uwar da za a koma a yanko wani.

"Wa zai kula da su?"

"Hannuna ba shi da sa'ar ruwa," in ji Umma.

"Ni bulo na sani," in ji Yaya. Sai ya ƙara, "Tsami kuma jirginta saura kwana goma sha biyu."

Malam ya yarfe hannunsa. Bai dube ni ba. Ni ma na tsaya ina nazarin silifas ɗina, ɗaya shuɗi, ɗaya ja.

Litinin suka zo su huɗu da zarto. Ba zan ja muku ba, awa ɗaya ba ta cika ba. Tsakar gida ta cika da ƙamshin lemo har cikin ɗakuna, kwana biyu yana jikin labule. Umma ba ta shiga ciki ba, tana kujerarta har aka gama. Abu ɗaya ta nema, a yanko mata guntun nan mai kumburi. Ta ce na tokare ƙofar kicin ne, iska na damunta. Yana nan yana tokare ƙofar.

Bulon ya yi kyau, ba zan hana Yaya haƙƙinsa ba. Rumfar ma tana da inuwa, ko da yake inuwa ce da ba ta motsi. A kusurwar gabas, nesa da tsohon ramin, ya sa an bar fili taku biyu da taku biyu ba a shimfiɗa ba. Ban roƙe shi ba. Da na tambaya ya ce bulo ne bai isa ba. Na ga ragowar bulon a bayan motarsa.

Yau Alhamis, kwana goma sha biyu. Jirgin ya tashi ƙarfe huɗu na yamma. A lokacin ina zaune a kan bokiti a bayan kicin, ina tsinke wani ɗan toho da farce. Tun Talatar waccan na ɗaga tikitin, na rubuta wa wurin aiki. Sun ba ni wata ɗaya, abin da ke bayansa ban sani ba, kada ku tambaye ni. Ban gaya wa kowa a gidan ba. Umma dai da ƙarfe huɗu ta wuce ta leƙo ta taga, ta dube ni, ta ce tumatir ma yana son a cire masa busasshen ganye, tunda ina nan.

Ba a kwancewa, amma ba a hana leƙe ba. Ledar tana ɗan nuna abin da ke ciki. Na Malam ina ganin kamar kore. Na Umma kore ne, babu kamar. Nawa ba a ganin komai. Na ɗauki hoton ukun na tura masa.

"Kada ki taɓa. Saura tara."

"Nawa fa? Na naɗe shi da yawa."

"Wanda aka naɗe da yawa ma yakan kama. Sai dai ba a sani sai ranar kwancewa."

Na ajiye wayar a kan gwiwa. Ta sake motsi.

"Na ga hoton da rana aka ɗauke shi, kuma a bayan kicin. Ke nan jirgin ya tashi babu ke."

"Eh."

Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta dawo.

"Ina da tambaya, Malama. Wannan karon ba ta lemo ba ce, na faɗa tun da wuri don kada a rufe ni. In yi ta yanzu, ko in ba da ruwa in dawo wani satin?"

Na san inda maɓallin rufewa yake, yatsana ya san hanya. Daga cikin gida ina jin muryar Gwaggo ta shigo, tana tambayar Umma ko angwaye sun tashi lafiya. Na dubi nawa, mai kama da yatsa a bandeji, na rubuta:

"Ka ba da ruwa."

Na tura. Sai na ƙara layi ɗaya, don kada a maimaita kuskure a gida ɗaya sau biyu:

"Amma daga nesa, inda inuwa ta ƙare."

Ya amsa da kalma biyu: "Na iya."